Kyanwar da ba ta taɓa ƙarasa mini magana ba

Tun ina 'yar shekara 4 aka gane cewa ina da in'ina. Umma ta ce da farko babu wanda ya ɗauki abin da zafi, domin yara da dama sukan yi tuntuɓe da kalmomi a lokacin da bakinsu yake buɗewa, daga baya kuma harshen ya warware da kansa. Haka abin yake kuwa, domin masana sun ce cikin yara 100 kimanin 5 sukan yi in'ina na wani ɗan lokaci, mafi yawansu ta sake su, sai kamar mutum 1 cikin 100 ne yake girma da ita. Ni Allah Ya ƙaddara ina cikin waɗanda ba ta saka ba. Tawa in'inar ba ta tsaya ga maimaita gaɓa ba. Akwai lokacin da kalma za ta tsaya mini cak a maƙogwaro, leɓɓana su manne, numfashina ya ɗauke, ina sane sarai da abin da nake son faɗi amma babu ƙofar da zai fito. Mutane da yawa sukan zaci tsoro ne ko rashin abin faɗi, alhali maganar tana nan cikakkiya a cikin kai, bakin ne kawai ya ƙi ba ta hanya.

A gida an saba da ni, don haka ban ɗauki kaina a matsayin mai wata matsala ba. Idan na maƙale, Yaya yakan yi wuf ya ƙarasa mini, Umma kuma takan gane abin da nake nufi tun kafin in kai rabin jimla. Duk don ƙauna suke yi, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba, sai dai na taso ban san yadda ake jira kalma ta fito da kanta ba, domin kullum akwai wanda zai ɗauke mini nauyinta.

Ina da shekara 9 muka bi Abba Amurka, inda ya sami aiki. A nan ne wahala ta haɗu mini biyu: ga sabon harshe da ban iya ba sai kaɗan, ga kuma bakin da ko a harshen da na sha a nono ba ya yi mini biyayya. A ajinmu akwai lokacin karatu a bayyane, inda kowane ɗalibi zai karanta sakin layi ɗaya, a bi layi daga kujera zuwa kujera. Da zarar an fara sai in ƙirga yaran da ke gabana, in ƙirga sakin layin da ke shafin, in gano wanda zai faɗo kaina, sannan in shiga laluben kalmomin da suka fara da baƙaƙen da na san suna kama ni. Kafin layi ya iso gare ni tafin hannuna ya jiƙe da gumi, kuma ban ji ko kalma ɗaya daga abin da sauran suka karanta ba. Wata rana na maƙale a kalmar farko, na yi ta ƙoƙari har jijiyoyin wuyana suka tashi, ajin ya yi tsit, sai wani yaro ya kece da dariya. Malamar ta tsawatar masa, ta faɗi kalmar a madadina cikin murya mai taushi, sannan ta ce na kusa da ni ya ci gaba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da na daɗe ban iya bayyanawa ba shi ne, dariyar yaron ba ta yi mini ciwo kamar tausayin malamar ba, domin tausayin ne ya tabbatar wa kowa cewa ni ba a jira na, tsallake ni ake yi.

Daga ranar na yanke shawarar yin shiru. Idan lokacin karatu ya matso sai in nemi izinin zuwa banɗaki, ko in ce cikina yana ciwo, kuma sau da yawa ba ƙarya nake yi ba, domin fargaba takan murɗa mini ciki da gaske. Sannu a hankali tsanar ta wuce daga karatun bayyane ta kama littafin kansa. Ko a zuci nake karatu, kowace kalma sai na tsaya na auna ko zan iya furta ta, ta yadda kafin in kai ƙarshen jimla na manta farkonta. Da shekara ta zagayo aka aiko wa iyayena takarda cewa karatuna yana ƙasa sosai da matakin ajina.

Abba mutum ne mai son ilimi, kuma wannan takarda ta taɓa masa zuciya ƙwarai. Ya ware lokaci kowane dare, ya zaunar da ni a gabansa da littafi, yana bin layi da yatsa. Da na maƙale sai ya ce, "Mamana, ki natsu. Ja numfashi, ki yi a hankali." Bai san cewa duk lokacin da ya faɗi haka sai maƙogwarona ya ƙara ɗaurewa ba, domin yanzu ban da kalmar da nake kokawa da ita, ga kuma fuskarsa da nake gani tana canzawa, ga gajiyar aikin yini da nake ji a muryarsa. Wani dare na rufe littafin, na ce masa ba zan ƙara karatu ba har abada. Wannan gajeriyar jimla ta ɗauke ni lokaci mai tsawo kafin ta fito, kuma shi ne karo na farko da ya bar ni na kai ƙarshen magana bai sa baki ba. Bai yi mini faɗa ba, ya tashi ya shiga ɗaki, daga baya na jiyo Umma tana share hanci a kicin.

A makarantarmu akwai wata ƙwararriya kan matsalolin magana da nake gani sau ɗaya a mako. Watanni muka yi tana koya mini dabarun sassauta farkon kalma, ina iya su a ɗakinta, da na fita kuma su gudu. Wata rana ta ajiye takardunta ta tambaye ni ko akwai lokacin da nake magana ba tare da na maƙale ba. Na yi tunani na ce idan ina waƙa, ko idan ni kaɗai ce a ɗaki, ko kuma idan ina yi wa jaririn maƙwabtanmu wasa. Ta ce wannan sanannen abu ne, cewa masu in'ina da yawa harshensu yakan saki idan suna waƙa, ko suna karatu baki ɗaya da wasu, ko suna magana da jarirai da dabbobi. Sai ta miƙo mini wata takarda in kai gida, mai bayanin cewa gidan kula da dabbobi marasa galihu da ke kusa da mu yana neman yaran da za su riƙa zuwa ranar Asabar suna karanta wa dabbobin littafi.

Abba ya karanta takardar ya girgiza kai, ya ce bai ga yadda kyanwa za ta koyar da abin da malamai suka kasa ba. Umma ce ta ce, "Abbansu, ka bari mu gwada. Yarinyar nan ta daina magana ko a gida, me ya rage da za mu yi asara?" Ita kanta tana tsoron karnuka, don haka sharaɗinta shi ne a kai ni ɓangaren kyanwoyi. Ina da shekara 11 a lokacin.

Abin da ya fara tarbar mu shi ne warin maganin wanke ƙasa da haushin karnuka daga can ciki. Wata dattijuwa 'yar sa-kai ta karɓe mu, ta bar Umma a kujerar jira, ta kai ni wani ƙaramin ɗaki mai taga ta gilashi. Kafin mu shiga ta gaya mini ƙa'idojin wurin: in zauna a ƙasa, in juya gefe kada in fuskanci dabbar kai tsaye, kada in zuba mata ido, kada in miƙa hannu, muryata kuma ta kasance ƙasa-ƙasa. Ta ce akwai wata kyanwa da aka tsinto a titi, wadda tun da aka kawo ta ba ta taɓa fitowa daga kwalinta ba matuƙar akwai mutum a ɗakin, kuma dabbar da ke ɓuya irin haka da wuya wani ya zaɓe ta ya kai ta gida. "Ba jarrabawa kika zo yi ba," in ji ta. "Tana buƙatar ta saba da muryar mutum ne, ke kuma kina da murya." Tun da na zo duniya ban taɓa jin an ambaci muryata a matsayin abin da wani yake buƙata ba.

Ta ja ƙofa ta fita. Na zauna a kan wani ɗan bargo da littafi a cinyata, na kai minti goma ban buɗe baki ba. A kusurwar ɗakin akwai kwali mai huda a gefe, a cikin duhunsa kuma idanu biyu masu ƙyalli. Da na fara, kamar kullum, kalmar farko ta tsaya. Bisa sabo na ɗaga kai don in ga fuskar mai saurarona, in ga girar da za ta ɗaga, ko idon da zai kauce don kunya, ko leɓen da ya fara motsi zai taimake ni. Ban ga ko ɗaya ba. Idanun nan biyu suna nan yadda suke, ba su ƙosa ba, ba su tausaya ba. Na ci gaba da kokawa da kalmar, babu wanda ya karɓe ta daga hannuna, har ta fito da kanta, na wuce zuwa ta biyu.

Ina son a fahimci wannan wuri da kyau, domin mutane sukan so in ce in'inata ta ɓace a ɗakin nan, kuma ba haka aka yi ba. Ta ragu, amma tana nan. Abin da ya ɓace shi ne abin da ke biyo bayanta. In'ina hawa biyu ce a wurina: akwai maƙalewar kanta, wadda ba ta wuce 'yan daƙiƙu, sannan akwai firgicin ganin yadda mutane suka karɓe ta, wanda shi ne yake sa in ƙara matsa wa kaina, matsin kuma ya haifi wata maƙalewar da ta fi ta farko tsanani. A gaban kyanwar nan hawa na biyu bai sami abin da zai tsaya a kai ba. Na maƙale, na fita, na ci gaba, kamar mai tafiya da ya yi tuntuɓe a hanyar da babu kowa.

Kowace Asabar nakan yi rabin awa a ɗakin. Makonni uku na farko ban ga komai ba sai idanu. A mako na huɗu ta leƙo da kai, sai na ga ashe launin toka ce, kunnenta na hagu a yage, ga wani tabo a saman hancinta inda gashi bai sake fitowa ba. Na yi kamar ban gan ta ba, kamar yadda aka koya mini, duk da cewa zuciyata tana bugawa da ƙarfi. A mako na bakwai ina tsakiyar shafi na ji wani ɗumi a gefen ƙafata. Ta fito ta kwanta, ta jingina bayanta da ƙwaurina, tana lumshe ido a hankali tana buɗewa, daga ƙirjinta kuma wannan ɗan gurnani yana fita, irin wanda kyanwa ke yi idan hankalinta ya kwanta. Ban daina karatu ba, domin ina tsoron idan na yi shiru za ta tashi, hawaye suna ɗiga a kan takardar ina sharewa da bayan hannu.

Da na fito dattijuwar nan ta riƙe kafaɗata ta ce sun sha gwada wasu yaran da suka fi ni iya karatu, amma suna karantawa da sauri da ƙarfi, kyanwar sai ta ƙara shigewa cikin kwali. Ta ce karatuna mai tafiya a hankali, mai yawan tsayawa, shi ne ya dace da dabbar da ta firgita. Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Tsayawar nan da na tsana, wadda saboda ita ake tsallake ni a aji, ita ce ta ba wata halitta damar sakin jiki.

Daga nan na fara yin abin da Abba ya yi shekara biyu yana nema bai samu ba: na fara ɗaukar littafi da kaina. Nakan je laburare in zaɓo abin da zan karanta mata, in bi shi a gida tukuna don kada in ba ta karatu marar daɗi. Na tuna wani littafi kan rana da taurari. Ina karanta mata cewa hasken rana yana ɗaukar kimanin minti 8 kafin ya iso duniya, sai na tsaya, kuma a karo na farko ba in'ina ce ta tsayar da ni ba, mamaki ne. Na dubi hasken da ya shigo ta taga ya kwanta a bayanta, na ce ashe wannan tun minti takwas da suka wuce ya baro gida. A ranar na gane cewa ina fahimtar abin da nake karantawa a daidai lokacin da nake furta shi, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

Bayan kamar wata huɗu na zo wata Asabar na tarar an ɗauke kwalin, an wanke ɗakin. Wasu iyali sun zo, kyanwar ta taso ta shinshina hannun ɗiyarsu, sun tafi da ita. Na san tun farko cewa wannan shi ne manufar aikin, kuma na san gidan hayar da muke ciki ba a yarda a ajiye dabba ba, amma sanin bai rage mini komai ba. Na yi kuka har muryata ta dushe, na ji kamar an yi amfani da ni ne aka yar. Asabar biyu na ƙi zuwa. Abin da ya mayar da ni shi ne wata 'yar takarda da dattijuwar ta aiko ta hannun Umma, inda ta rubuta cewa an kawo wani ɗan muzuru da ke huci idan an matso kusa da shi, kuma ta rasa wanda za ta ba shi.

A ranar da na koma Umma ba ta da lafiya, don haka Abba ne ya kai ni. Ban san ya taso daga kujerar jira ya tsaya a bayan gilashi ba. Na karanta shafi biyu cur, na maƙale sau da yawa, na fita da kaina kowane karo. A hanyar komawa gida ya daɗe bai ce komai ba, hannuwansa biyu a kan sitiyari, sai da muka tsaya a wata danja ya ce, "Mamana, ashe ni ne nake katse ki." Na ce masa ba haka ba ne, amma ya girgiza kai. Daga wannan rana bai sake ce mini in natsu ko in ja numfashi ba. Idan na maƙale sai ya ci gaba da dubana yadda yake dubana kafin in maƙale, ya jira. Ya kuma hana Yaya ƙarasa mini magana, abin da ya ɗauki Yaya watanni kafin ya saba, domin ɗabi'a ce ta shekaru.

A ƙarshen wannan shekarar na ɗaga hannu a aji na nemi in karanta, bayan na roƙi malamar tun da safe cewa idan na tsaya kada ta faɗa mini kalmar. Na tsaya sau uku. Babu wanda ya tafa mini, babu kuma wanda ya yi dariya, na kai ƙarshen sakin layina na zauna, na kusa da ni ya ɗora daga inda na tsaya.

Sai da na girma na san cewa abin da aka yi da ni yana da tarihi. A shekarar 1999 wata ƙungiya mai suna Intermountain Therapy Animals a birnin Salt Lake City na jihar Utah ta ƙaddamar da shirin R.E.A.D., inda ake kai horarrun karnuka laburare da makarantu yara su karanta musu. Daga baya gidajen kula da dabbobi suka juya abin, maimakon a kai wa yara dabba sai a kai yaran wurin dabbobin da ke jiran masu ɗauka. A 2013 wani gidan dabbobi a gundumar Berks ta jihar Pennsylvania ya fara shirin karanta wa kyanwoyi, bayan wata ma'aikaciyarsa ta kawo ɗanta da karatu ke ba shi wuya ta ga yadda ya canza. A ƙarshen 2015 kuma ƙungiyar Humane Society ta jihar Missouri ta buɗe nata shirin ga yara 'yan shekara 6 zuwa 15, waɗanda ke zama a gaban kejin karnuka masu tsoro suna karatu, domin karen da ya saba matsowa gaban keji ya fi saurin samun gida. A gidajen dabbobin nan, ɗaya daga cikin dalilan shi ne wanda dattijuwar nan ta gaya mini a bakin ƙofa.

Ba na gaya wa iyaye cewa wannan magani ne, kuma raina yakan ɓaci idan na ji ana tallata shi haka. Kyanwa ba ta san baƙi da wasali ba, kare ba zai gyara wa yaro kuskure ba, kuma yaron da ke da matsalar gane haruffa yana buƙatar malami ƙwararre da zai koya masa mataki-mataki. Ni ma da ba don dabarun da ƙwararriyar nan ta koya mini ba, da ban sami abin da zan gwada a ɗakin ba. Abin da dabbar ta ba ni shi ne sa'o'i masu yawa na karatu a bayyane ba tare da tsoro ba, waɗanda babu inda zan same su a tsakanin mutane a wancan lokaci, sai kuma dalilin da zai sa in buɗe littafi wanda ba maki ba ne kuma ba faranta ran wani babba ba. Wajibi ne kuma a kula da haƙƙin dabbar, a sami babba a kusa, kada a tilasta mata zama da yaro idan ta nuna ba ta so.

Yanzu ina jami'a, ina karantar ilimin matsalolin magana, kuma har gobe ina da in'ina. Sunana ma yakan tsaya mini idan zan gabatar da kaina a waya. Ranar Asabar ina aikin sa-kai a wani gidan dabbobi, ni ce nake tarbar yara a bakin ƙofa ina gaya musu su zauna a ƙasa su juya gefe. Na daina tsoron karnuka tuntuni, Umma ce dai har yanzu take tsayawa daga nesa idan ta raka ni.

Makon da ya wuce aka kawo wani yaro ɗan shekara 7, na zaunar da shi a gaban kejin wani tsohon kare baƙi wanda furfura ta fara fito masa a baki. Ni da mahaifiyarsa muka tsaya daga baya inda muke jin muryarsa. A layi na biyu ya maƙale, kafaɗunsa suka ɗaga, na ga leɓen uwar ya fara motsi da kalmar, ta ɗaga ƙafa za ta matsa. Na dafa hannunta na ce, "Anti, mu ɗan jira shi." Ta dube ni idanunta sun ciko, amma ta tsaya. Karen ya yi hamma, ya miƙe ƙafafunsa na gaba, ya ɗora haɓarsa a kansu kusa da wayar kejin. Yaron ya dube shi, ya sake duba littafin, kalmar ta fito, ya sa yatsa a kan ta gaba.